Ci Gaban Mai Haƙan Rijiya

Mu bakwai ne a ɗan zaman da muke yi na marubuta, huɗu daga Kankiya, uku daga Kusada. Duk mako biyu mukan haɗu, wannan karo a zauren ɗayanmu a Kankiya, karo na gaba kuma a gindin wata darbejiya a Kusada. Kowa ya zo da abin da ya rubuta, a karanta, a yaba inda ya kamata, a soki inda ya kamata, a sha fura a watse. A da mu takwas ne. Na takwas ɗin shi ne dattijonmu, shi ne kuma ya fara tara mu, Allah Ya jiƙansa. Labarin da za mu ba 'yan'uwa a wannan fitowa labarin littafinsa ne, da yadda gaggawarmu ta kusa hallaka shi gaba ɗaya, da kuma abin da wani yaro mai gyaran waya ya koya mana, mu da muke ganin mun san rubutu.

Malam, kamar yadda muke kiransa, tsohon malamin firamare ne. Ya yi shekaru yana rubuta wani ƙagaggen labari a kan farin 1973, game da wani magidanci da yunwa ta kora daga ƙauyensu ya tafi cin rani Kano da iyalinsa. Tsakanin 2002 da 2005, duk lokacin da 'yan kuɗi suka shigo hannunsa, sai ya ɗauki babi biyu ko uku ya hau mota zuwa Katsina, ya kai wani shagon buga takardu a buga masa a kwamfuta. In an gama, mai shagon ya fitar masa da takarda, ya kuma zuba masa aikin a faifan CD, irin wanda sau ɗaya ake rubutu a kansa. Duk zuwa faifai ɗaya. Da haka har faifai goma sha ɗaya suka taru, ɗauke da babi 24. Shagon nan ya daɗe da rufewa. Takardun da aka buga kuwa, wata damina rufin ɗakin Malam ya zuba, ruwa ya jiƙa su, gara ta ƙarasa abin da ya rage. Saboda haka duk duniya ba inda littafin nan yake sai a cikin faya-fayan nan.

Cikin watan Fabrairun 2025, ana shirin shiga azumi, sai maiɗakinsa, wadda dukkanmu muke kira Inna, ta aiko mu je Kusada. Da muka je muka gaisa, sai ta fito da wani faffaɗan gwangwanin biskit ta ajiye a gabanmu. Ta ce, "Ga amanar ɗan'uwanku nan. Ni ban san yadda ake buɗe abin nan ba, amma ya sha gaya mini littafinsa na ciki. Ina so in ga an buga shi tun ina da ido." Muka karɓa hannu bibbiyu, muka yi mata alkawari, har da cika baki cewa kafin Sallah aiki ya yi nisa.

To, kowa ya san kwamfutocin yanzu, musamman na hannu, yawancinsu ba su da aljihun sa faifai. Amma mu wannan bai dame mu ba, don ɗan ƙanwar ɗayanmu yana da shagon gyaran waya a bakin hanyar Kano zuwa Katsina a nan Kankiya, kuma a kusurwar shagon akwai wata tsohuwar kwamfutar tebur mai na'urar karanta faifai. Ko wata guda ba a yi ba da muka ga ya kwafe wa wani mutum faifan bikinsa da ita. Ranar Asabar da hantsi muka hallara mu bakwai, yaron ya kunna mana ita, muka danna maɓalli, faranti ya fito, muka ɗora faifai na ɗaya, ya koma ciki. Muka ji ya ɗan yi juyi, 'yar fitila ta yi ƙyaftawa, sai shiru. Allo bai nuna komai ba. Muka sa na biyu, haka. Na uku, haka. Har na goma sha ɗaya, kwamfutar nan ko ta nuna ta san an sa mata wani abu.

Nan fa kowa ya zama gwani. Wani ya ce ƙurar hunturu ce, aka hura, aka goge da gefen riga. Wani ya ce ai faifai ba ya son zafi. Daga nan sai wani daga cikinmu mutanen Kankiya ya ce shi ya lura gwangwanin nan yana warin hayaƙi, ƙila kusa da murhu tsohuwar nan ta ajiye shi shekara da shekaru. Mutanen Kusada suka ce ba su yarda a ɗora wa Inna laifi ba, kwamfutar Kankiya ce dai ta zama gwangwan. Abin da ya faro kamar wasan da muka saba yi tsakaninmu sai ga shi ya koma gardama ta gaske, har murya ta fara tashi.

Ana cikin haka aka ɗauke wuta, yaron ya ɗauki galan ya tafi neman man janareto. Abin da ya faru a bayansa shi ne abin da har gobe yake damunmu. A bayan faifai na goma sha ɗaya akwai wata takarda da Malam ya manna da gam, ya rubuta da hannunsa: "Babi na 21 zuwa 24. Ƙarshe." Wani ya ce wataƙila takardar nan ce take sa faifan ya yi nauyi gefe guda, ya kasa juyawa daidai. Ba za mu faɗi wanda ya sa farce ba, domin dukkanmu muka ce a ɓare. Aka kama gefen takardar aka ja. Ta taso kuwa, amma tare da ita sai wani siririn abu mai ƙyalli kamar takardar sigari ya biyo. Da muka ɗaga faifan sama, sai ga hasken rana yana ratsa shi ta wani wuri mai faɗin babban yatsa.

A lokacin ba mu san girman ɓarnar da muka yi ba. Daga baya muka fahimta, kuma ya kamata duk mai ajiyar faifai ya sani. Faifan CD, wanda kamfanonin Philips da Sony suka haɗu suka fitar kasuwa a 1982, faɗinsa santimita 12 ne, kaurinsa milimita ɗaya da ɗigo biyu. Kusan duk kaurin nan roba ce garai-garai wadda hasken leza yake ratsawa daga ƙasa. Rubutun kansa yana can sama, dab da bayan da ake rubuta suna, ba abin da ya raba shi da iska sai ɗan fenti. A irin faifan da ake zuba wa aiki a shago, wani rini ne ake ƙonawa da leza, a bayansa kuma a shimfiɗa abin nan mai ƙyalli don ya dawo da haske. Ke nan gefen da muke lallaɓawa, mai sheƙi, shi ne mai juriya, don ƙaramin ƙarzane a nan sau da yawa ba ya hana karatu. Gefen da muke ɗauka baya ne, muna manna masa takarda muna danna masa biro, nan ne ran faifan yake. Mu kuwa ran muka ɓare.

Da yaron ya dawo ya ga abin da ke hannunmu, sai ya ajiye galan ya yi shiru. Can ya ce, "Kawu, don girman Allah kowa ya ɗauke hannunsa. Kada a ƙara taɓa ko ɗaya." Ya tattara sauran goman ya mayar gwangwani ya rufe. Sa'an nan ya ce, "Ku yi haƙuri, ku iyayena ne, amma tun ɗazu kuna ta yanke hukunci ba a saurari shaida ba. Abu huɗu ne a nan: faifai, da na'urar karantawa, da wayar da ta haɗa ta da kwamfuta, da kuma manhajar da ke ciki. Bari mu tambaye su ɗaya bayan ɗaya."

Ya jawo aljihun tebur ya ɗauko faifan bikin nan da ya kwafe watan jiya, wanda ya tabbata lafiyarsa ƙalau. Ya sa. Shiru. Ya dube mu ya ce, "To kun gani. Faifan da ta karanta kwanan nan ma yau ta ƙi shi. Faya-fayan Baba ba su da laifi, Inna ma ba ta da laifi." Wallahi a nan kunya ta fara kama mu. Ya kashe kwamfutar, ya kwance murfinta, ya canza wayar da wata sabuwa, bai taɓa komai ba bayan wannan, ya kunna. Shiru. Ya sake kashewa, ya mayar da wayar wani rami daban, ya kunna. Shiru. Muka lura duk gwajin da zai yi abu ɗaya tak yake canzawa, kuma sai ya rubuta a bayan wani kwali abin da ya canza da abin da ya gani. Ɗayanmu ya ce me zai hana ya canza duka gaba ɗaya a huta. Ya ce, "Baba, in na canza uku ta tashi, wanne ne ya warkar da ita? In kuma ta ƙara lalacewa, wanne zan kama?"

Daga nan sai ya zauna ya dafe kai yana tambayar kansa, mene ne ya bambanta yau da watan jiya? Ba a ɗaga kwamfutar ba, ba ta faɗi ba, ruwa bai taɓa ta ba. Can sai ya ce, "Af!" Ashe kwana takwas da suka wuce ya sami data mai yawa, kwamfutar ta nemi a sabunta ta, ya bar ta ta sabunta kanta cikin dare. A cikin abubuwan da suka sauka har da sabon kanel.

A nan sai mun ɗan tsaya, don mu ma ranar muka fara jin kalmar. Kwamfutar nan ba Windows take amfani da ita ba, saboda ƙarfinta ya gaza. Yaron ya sa mata Linux. Kanel shi ne ƙwayar da ke tsakiyar tsarin da ke tafiyar da kwamfuta. In kwamfuta fada ce, shi ne Sarkin Fada: duk manhajar da ke son magana da allo, ko madannai, ko ma'ajiya, ko na'urar faifai, sai ta bi ta wurinsa, shi ya isar da saƙo ya kawo amsa. In ya daina jin yaren wani bafade, to ko bafaden nan na tsaye a ƙofa lafiya lau, a wurin fada kamar ba ya nan. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ne ya fara rubuta kanel ɗin Linux a birnin Helsinki a 1991, ya sake shi kyauta, kowa ya duba ya gyara. Yau dubban mutane ne a faɗin duniya suke aiki a kansa, kuma duk mai wayar Android a aljihu yana yawo da shi ko bai sani ba. Kusan kowane mako tara ko goma ake fitar da sabo, kuma kowace fitowa tana ɗauke da gyare-gyare fiye da dubu goma. To a cikin gyara dubu goma, ba abin mamaki ba ne a sami ɗaya da ya gyara wa mutum dubu, ya ɓata wa mutum ɗaya. Masu wannan aiki suna da suna na musamman ga irin wannan, wato abin da yake aiki jiya sabuntawa ta zo ta kashe shi yau. Mu da muka nemi fassararsa ba mu sami wadda ta fi ta kakanninmu ba: ci gaban mai haƙan rijiya.

Abin da ya cece mu shi ne, in sabon kanel ya sauka ba a share tsohon nan take, akan bar shi a gefe saboda irin wannan rana. Yaron ya sake kunna kwamfutar, ya danna wani maɓalli tun kafin ta gama tashi, wani jeri ya fito, ya zaɓi tsohon kanel. Da ta tashi ya sa faifan bikin. Muka ji juyi, amma wannan karon juyin bai tsaya ba, ya ci gaba da ƙugi a hankali, sai ga hoton faifai ya fito a allo. Ya cire, ya buɗe gwangwani, ya sa na ɗaya na Malam. Sai ga shi: Babi na 1, Babi na 2. Wani dattijo a cikinmu ya cire hula ya rufe fuska da ita.

Yaron ya so ya fara bin diddigin matsalar nan take, amma babbanmu ya ce, "Ɗana, a fara fitar da jaki daga duma tukuna." Ranar ba mu tashi ba sai da muka kwafe faifai goma, kowanne a wuri uku: cikin kwamfutar, da filasha biyu, ɗaya ta kwana Kankiya ɗaya ta tafi Kusada. Tara sun karantu sumul. Na bakwai ya yi ta wahala, na'urar tana komawa baya tana sake gwadawa, amma daga ƙarshe ya ba da abin da ke cikinsa. Abin dariya, faifan da zai iya ɗaukar megabait 700, wato littattafai ɗaruruwa, ga shi an ba shi shafi talatin kacal ya riƙe. Na goma sha ɗaya kuwa, mun sa shi ya fi sau goma. Ko sunan abin da ke cikinsa bai nuna ba.

Akwai kuma wata 'yar matsala da ta taso da muka buɗe rubutun. Duk inda ya kamata a ga ƙ ko ɗ ko ɓ, sai mu ga wata alama daban. Waɗanda suka yi bugu a wancan zamani za su tuna cewa haruffanmu masu lanƙwasa ba su cikin yawancin salon haruffan kwamfuta a lokacin, sai da aka ƙirƙiro musu salon haruffa na musamman, irin su Rabi'at da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar a shekarun 1990, abin da ya taimaki marubuta ƙwarai. Amma in aka buɗe irin wannan rubutu a kwamfutar da ba ta da salon da aka buga shi da shi, sai alamomin da aka ara su bayyana a maimakon haruffan. Wannan bai ba mu wuya ba. Muka gano alamar da ke tsaye a madadin kowane harafi, muka umarci kwamfuta ta musanya su duka.

Washegari muka ɗunguma zuwa Kusada. Ba wanda ya gaya wa Inna maganar murhu, amma mu mun san mun faɗa, don haka muka faɗa mata da bakinmu, muka kuma faɗa mata abin da muka yi wa faifan ƙarshe. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Sa'an nan ta ce, "Gwangwanin nan a cikin adakata yake tun ran da ya rasu, ƙarƙashin zannuwana. Hayaƙin da kuka ji na turaren wuta ne." Ba wanda ya iya ɗaga kai. Ta tashi ta shiga ɗaki, muka ji tana jan adaka, sai ga ta da wasu littattafan rubutu na 'yan makaranta guda biyar, an ɗaure su da tsumma. Ta ce ba ta kawo su tun farko ba don ta ɗauka tunda an sa a na'ura ba su da sauran amfani. Muka buɗe hannu na rawa. Rubutun Malam ne, wani da biro wani da fensir, duk ya sha kankara da gyara. Muka sami Babi na 21, da na 22, da na 23. Na 24 babu.

Mu a wurinmu magana ta ƙare, tunda tsohon kanel yana aiki. Yaron ya ce ba ta ƙare ba. Ya ce in aka ƙara sabuntawa sau ɗaya ko biyu za a share tsohon, ranar kuma sai a koma gidan jiya. Ban da haka, akwai wasu a wani wuri masu irin na'urar nan da za su zubar da faya-fayansu suna zaton sun mutu. Ya fara da duba rahoton da kanel yake rubutawa duk lokacin da kwamfuta ta tashi, inda yake lissafa kowace na'ura da ya gaisa da ita da yadda ta amsa. A rahoton tsohon, an yi sallama da na'urar faifai ta amsa da sunanta. A na sabon, an yi ta sallama ana sakewa, daga ƙarshe aka haƙura aka wuce.

Sanin cewa laifin na cikin sabon kanel bai isa ba, sai an san wane gyara ne a cikin dubbai. Dabarar da ya bi ta burge mu, ga ta kuma da sauƙi. A ce rafi ne mai tsawo, a mafarinsa ruwa garai, a ƙarshensa ya gurɓace, kana neman daidai inda ake zuba masa datti. Ba sai ka bi gaɓa taki-taki ba. Je ka tsakiya ka ɗebo. In garai ne, ɓarnar tana ƙasa, ka manta da rabin sama. In gurɓatacce ne, tana sama. Sai ka sake raba rabin da ya rage biyu. Haka ake yi da kanel, domin duk gyaran da ake yi masa ana ajiye shi a jere, da bayanin dalilinsa, a wata manhaja mai suna Git wadda shi dai Torvalds ɗin ya ƙirƙiro a 2005. Yaron ya fara gano fitowar da matsalar ta fara bayyana a cikinta, sa'an nan ya shiga rabawa. Dubu goma in ka raba biyu saura dubu biyar, sai dubu biyu da ɗari biyar, haka haka, kafin ka raba sau goma sha huɗu ka iso kan guda ɗaya.

Sai dai kowane gwaji yana bukatar a harhaɗa kanel sabo daga tushe, tsohuwar kwamfutar nan kuma sai ta kwana tana wannan aiki. Azumi ya riga ya kama. Kullum bayan an sauko daga asham sai ya ɗora mata aikin, muka yi karo-karo muna sayen mai saboda daren da ba wuta. Da asuba bayan sahur ya tayar da ita da sabon kanel ɗin, ya sa faifan biki, ya rubuta a kwalinsa: ya karanta, ko bai karanta ba. Har ya zama in mun haɗu a masallaci tambayar da muke fara yi ita ce, "Yau fa?" Dare biyu aikin ya lalace aka sake. A rana ta goma sha shida ya aiko a kira mu.

Gyaran da ya kama ɗan ƙarami ne, layukansa ba su cika shafi biyu ba, kuma niyyar mai shi kyakkyawa ce. Akwai wata dabara ta rage cin wuta, inda in ba a amfani da ma'ajiya ko na'urar faifai sai a bar hanyar da ke tsakaninta da kwamfuta ta ɗan yi gyangyaɗi, in an bukace ta a tashe ta. A da kwamfutocin hannu aka fi yi wa haka saboda batir, sai aka faɗaɗa abin ya shafi sauran. Ga mafi yawan na'urori wannan alheri ne. Amma akwai tsirarun na'urori da suke cewa sun iya wannan barci, alhali in sun kwanta ba sa jin kira. Tamu tana cikinsu. Yaron ya nuna mana cewa a cikin kanel ɗin ma akwai wani jeri na sunayen na'urorin da aka san suna da irin wannan larura, don a riƙa ƙyale su ido biyu. Tamu dai ba wanda ya taɓa kai sunanta. Ya ƙara wata 'yar kalma a umarnin da ake ba kanel lokacin tashi, wadda ke hana wannan barci. Ya tayar da sabon kanel, ya sa faifai, ya karanta. Sa'an nan ya rubuta rahoto da Turancinsa daidai gwargwado, ya sa sunan na'urar da lambarta, da rahoton tsoho da na sabo, da gyaran da ya kama, ya aika wa masu kula da wannan sashe. Ya gaya mana cewa a ƙa'idar masu wannan aiki, wadda Torvalds ya daɗe yana tsanantawa a kanta, gyaran da ya karya abin da yake yi wa mutane aiki dole a daidaita shi ko a janye shi, komai kyansa. Amma ba za su san ya karya ba sai wanda abin ya shafa ya faɗa.

Tun daga ranar muke ta juya wannan al'amari a zamanmu, domin mun ga kanmu a ciki. Wane ne a cikinmu bai taɓa yi wa labarinsa ci gaban mai haƙan rijiya ba? Akwai ɗayanmu da ya karanta mana wani gajeren labari shekarun baya, muka yi ta dariya har da hawaye. Ya tafi ya yi masa gyara bakwai, ya ƙara masa manyan kalmomi, ya sauya mafari, ya canza sunan tauraro, ya cusa wa'azi a ƙarshe, duk a zama ɗaya. Da ya sake karantawa ba wanda ya ko murmusa. Muka ce ya koma kan na farko, ya ce ai ya yaga. Da ya ajiye tsohon, da ya riƙa gyara ɗaya-ɗaya yana gwadawa a kunnen mutane, da ya san daidai inda labarin ya mutu. Kuma sau nawa littafi yake ƙin karɓuwa mu ce masu karatu ne ba su da fahimta, kamar yadda muka ɗora wa Inna, ba mu tsaya mun tambayi abin da mu muka canza ba?

Saboda haka ga abin da muke roƙon 'yan'uwa, musamman masu tasowa. Kada ka yaga tsohon rubutunka don ka yi sabo. Sa masa kwanan wata ka ajiye. Aikin da yake wuri ɗaya tak, ɗauka cewa ba ka da shi. Wanda duk yake da faya-fayai ko tsofaffin filasha a cikin akwati, ya fito da su yanzu tun ana samun na'urar da za ta karanta su, ya kwafe a wurare daban-daban, don rinin faifai yana dusashewa da zafi da hasken rana da daɗewa. In za ka goge faifai, sa ƙyalle mai laushi ka goga daga tsakiya zuwa baki, kada ka bi zagaye, kuma kada ka kusanci bayansa da farce. In na'ura ta ƙi karantawa, gwada faifan da ka tabbatar da lafiyarsa kafin ka yanke wa naka hukunci. Bayan duk wannan, ka fitar da aikinka a takarda. A nan ƙasar Katsina har yau ana karanta abin da Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani suka rubuta tun ƙarni na 17, don an yi ta kwafarsa hannu da hannu, kuma mai karanta shi ba ya bukatar komai sai ido da haske. Faifan Malam kuwa shekara ashirin kacal ya yi, amma sai da aka haɗa masa na'ura, da waya, da kanel, da salon haruffa, da man janareto, kafin ya buɗe baki.

Saura maganar Babi na 24. Mun yi gardama a kai ƙwarai. Wasu suka ce ɗayanmu ya rubuta shi da salon Malam, tunda mun san hannunsa. Wasu suka ce wannan ƙarya ce za mu jingina wa mamaci. Da muka kai wa Inna maganar sai ta yi murmushi ta ce, "Ai ya karanta mini shi a tsakar gidan nan, daren da ya gama." Muka zauna a tabarma, ta ba mu abin da ta tuna: yadda magidancin ya ji labarin ruwa ya sauka a gida, yadda ya sayar da kurar ruwansa ya sayi iri, da wanda ya tarar da wanda bai tarar ba da ya isa. Ba ta tuna kalmominsa ba, ta dai tuna abin da ya faru, da wurin da muryarsa ta yi rawa. Mun rubuta yadda ta faɗa, ba mu ƙara ba mu rage ba. Shawarar da muka tsaya a kai ita ce littafin zai fito da babi 23 na Malam, sa'an nan a bar shafi guda fari, a biyo da bayanin Inna da sunan cewa nata ne, tare da faɗin gaskiyar yadda aka yi babin ya salwanta.

Faifai na goma sha ɗaya yana nan mun rataye shi da zare a bangon zauren da muke zama a Kankiya. In hantsi ya yi, rana takan shigo ta ramin da muka yi masa ta sauka a kan tabarmar da muke karatu. Allah Ya jiƙan Malam, Ya saka wa Inna da yaron nan da alheri, mu kuma Ya ba mu haƙurin tambaya kafin hukunci.